A Mayar Wa Malami Ajinsa Kafin Ruwa Ya Sauka

   

Maganar da na kawo a wannan fitowa ta sharar aji ce. Na san wani dattijo zai ce, Fasto, duk damuwar da ke gabanmu, ga ta fili, ga ta takardar izinin gini, ga albashin ma'aikata, sai zancen tsintsiya ka ga dama? A yi mini haƙuri a karanta tukuna, gama laifin da zan fara faɗa nawa ne.

Shekarun baya ina riƙe da wata ƙaramar ikkilisiya a karkara, muna da firamare mai ɗakuna huɗu a bayan majami'a. Wata shekara aka yi godiyar kaka, aka kawo masara da dawa fiye da yadda muka zata, ba mu kuwa da sito. Da bakina na ce a jera buhunan a bayan aji uku, na kwana biyu kawai, kafin kwamiti ya zauna. Kwana biyun nan ya zama wata biyar. Da Zumuntar Mata suka ga akwai wuri, suka kawo manyan tukwanen biki. Matasa suka kawo ganguna. Kujerun roba da suka karye, waɗanda kowa ke cewa za a gyara, su ma can aka tura su. Har buhun taki biyu na gonar ikkilisiya da jarkar maganin feshi suka sami masauki. Malamar ajin, yarinya ce da ba ta daɗe da gama kwalejin horon malamai ba, ta matso da bencina gaba, yara suka cunkushe a abin da ya rage na ɗakin, ba ta ce uffan ba. Ina za ta ce? Wanda ya ba da umurnin shi ne shugaban kwamitin da ke biyanta albashi.

A watan Afrilu wani saurayi, tsohon ɗalibinmu, ya zo neman shaidar cewa a wurinmu ya gama aji shida, domin ana ɗaukar aiki kuma an nemi takardar. Muka ture buhuna muka kai ga kabad ɗin da tsofaffin rajistoci ke ciki. Daga gaba kabad lafiya lau. Da muka buɗe, sai ƙasa ta zubo. Gara ta bi bango ta shiga ta baya, ta cinye rajistar shiga makaranta ta shekaru da dama, abin da ta bari kuma ɓeraye da suka biyo masara sun yi sheƙa da shi. Na rubuta wa yaron wasiƙa na buga hatimi, amma wasiƙar fasto ba rajista ba ce. Bai sami aikin ba. Har yau in na haɗu da mahaifinsa a kasuwa, yakan gaishe ni da ladabi, ni kuwa nauyi nake ji.

Tun daga ranar na canza ra'ayi a kan wannan al'amari, ra'ayin da nake so in sa a gaban dattawa ke nan: babbar sharar aji ta shekara aikin kwamitin ikkilisiya ce, a sa mata rana a kalanda, a ware mata ɗan kuɗi, ranar kuma malamin aji ne mai faɗa a ji a cikin ɗakinsa, ko da kayan Fasto ne ya ce a fitar.

A ƙasashen Turai da Amurka akwai al'adar babbar shara da zarar sanyi ya wuce, wajen Maris da Afrilu. Asalinta sananne ne. A dā da itace da gawayin kwal suke ɗumama gida, tagogi a rufe wata da watanni, hayaƙi ya yi wa bango da labule baƙi, saboda haka ranar da aka iya buɗe taga sai a fitar da kome a wanke. Malaman makarantunsu ma sun ɗauki al'adar, a lokacin ne suke zazzage kabad su zubar da abin da ya mutu. Mutanen Iran suna yin tasu kafin sabuwar shekararsu ta Nowruz, wajen 21 ga Maris, sunan da suke kiranta ma ma'anarsa girgiza gida. Yahudawa kuma, kamar yadda masu karatun Fitowa suka sani, sukan tsabtace gida sarai su fitar da yisti kafin Idin Ƙetarewa. Kowa ya dubi yanayin ƙasarsa ne ya zaɓi lokaci.

Mu namu yanayin ya riga ya zaɓa mana, mu ne ba mu lura ba. Daga Nuwamba zuwa Fabrairu iskar hunturu tana kwaso ƙura daga hamada, mai yawa daga kwarin Bodele da ke ƙasar Chadi, ta shimfiɗa ta a kan kowane littafi da kowane katako. Daga Afrilu zuwa Mayu ruwa yakan fara a Filato da kudancin Kaduna, a Kano da Katsina da Sakkwato kuma sai wajen Yuni yake kankama. Hutun Ista yana tsakiyar waɗannan biyu daidai: ƙura ta gama sauka, ruwa bai fara ba, yara ba sa nan, manoma ba su shiga gona gadan-gadan ba. Amma abin da muka saba shi ne mu jira Satumba, ranar komawa makaranta, mu ce kowane yaro ya zo da fartanya da tsintsiya. Makon farko na karatu ya tafi a nome ciyawa, ɓarnar da damina za ta yi kuwa ta riga ta yi ta.

Daga sama ake fara wannan aiki, shi ya sa na ce ba na yara ba ne. A shiga aji da tsakar rana, a rufe ƙofa da tagogi, a ɗaga kai. Duk inda aka ga ɗigon haske a kwano, nan ruwa zai zubo, sau da yawa kuma daidai kan kabad ne. Kafinta ya hau ya duba ƙusoshin da suka ɗago da katakon da gara ta ci, domin iskar da ke zuwa gaban ruwan fari ita ce mai yaye rufi, kuma kwano ɗaya da ya saki shi ke ba ta hannun kamawa. Kuɗin ƙusa da ladan kafinta na yini guda ba a haɗa su da kuɗin sabon rufi. Inda akwai silin, a leƙa cikinsa. Jemagu sukan tare a can, kashinsu shi ne warin nan da muke shiga aji mu ji mu ce na yara ne.

Sai tagogi. Da hunturu malamai sukan toshe su da kwali ko buhu, wani ma a buga masa ƙusa, don kare yara daga sanyi. Daidai ne a lokacinsa. Abin da ke faruwa shi ne a manta, zafi ya shigo, yara hamsin suna numfashi a ɗaki mai taga ɗaya. Wannan shi ne lokacin sanƙarau, cutar kuma ta fi samun hanya inda aka cunkushe babu iska. Waɗanda suka kai shekaruna ba su manta 1996 ba, shekarar da ta kama mutum fiye da 100,000 a Nijeriya ta kashe fiye da 11,000, mafi yawa a Arewa. Ta sake yin ɓarna a 2017, musamman a Zamfara da Sakkwato. Buɗe taga ba ya maye gurbin allurar rigakafi, kada wani ya ce Fasto ya faɗa. Amma abin da ke hannunmu ne, kuma kyauta ne.

Zancen ɓera ya fi wannan nauyi, mu kuma ya kamata mu fi kowa saninsa. A 1969 aka fara gane zazzaɓin Lassa, a garin Lassa da ke jihar Borno ta yau, waɗanda aka fara gane shi a jikinsu kuwa ma'aikatan jinya ne na mishan. Ɓera ne ke ɗauke da ƙwayar cutar, tana fita a fitsarinsa da kashinsa, kuma da rani aka fi samun masu kamuwa. To, mu ne muke ajiye hatsi a ɗakin da yara ke ajiye ƙunshin abincinsu a ƙasa, sa'an nan mu miƙa wa ɗan shekara bakwai tsintsiya ya share busasshen kashin ɓera, ƙura ta tashi ya shaƙa. Hatsi ba shi da wurin zama a aji, ko na kwana biyu. Taki da maganin feshi da fiya-fiya balle su. Inda aka ga alamar ɓera, babba ne zai share, ya rufe hanci da baki, ya fara yayyafa ruwan da aka sa wa bilic, ya bar shi ya jiƙa kafin ya kwashe. Kada a gauraya bilic da wani maganin wanki don wai ya ƙara ƙarfi, hayaƙin da ke fita guba ne. A toshe ramuka da siminti. Tarin karyayyun bencina kuma a ɗaga shi da sanda tukuna, gama kunama da maciji suna son inuwa da bazara kamar yadda muke so.

Yanzu na zo inda malamai ma za su sha nasu. Malami mutum ne mai ɓoyo. Ban ga laifinsa sosai ba, wanda ya koyar shekara da shekaru babu kayan aiki ba ya iya jefar da ko guntun kwali. Amma na shiga aji na ga taswirar Nijeriya mai jihar Gongola a rataye, alhali tun 1991 aka raba ta zuwa Adamawa da Taraba, tun 1996 kuma jihohi 36 muke da su. Na ga taswirar Afirka mai Zayar, sunan da aka sauya a 1997, babu kuma Sudan ta Kudu da ta sami 'yanci a 2011. Na ga hoton duniyoyi tara masu kewaya rana, bayan tun 2006 masana suka cire Fuluto daga jerin. Yaro yana kallon bangon nan sa'o'i biyar ko shida kowace rana, abin da ke jikinsa yana shiga kansa ko malam ya koyar ko bai koyar ba, ranar jarrabawar shiga sakandare kuma shi zai rubuta. Haka littattafan da aka rubuta bisa manhajar da aka riga aka sauya. A kasa kome kashi uku: abin da za a yi aiki da shi a zango mai zuwa, abin da wani aji ko wata makaranta za ta amfana da shi, da abin da za a ƙone. Abin da malami ya shekara biyu bai taɓa ba, da wuya ya shiga kashi na fari.

Akwai kuma kwalayen littattafan kyauta da baƙi suka kawo, waɗanda hedimasta ya kulle don kada yara su lalata. Na taɓa buɗe irinsu na tarar gara ta riga yaran karantawa. Littafin da ya yage a hannun yaro ya yi aikinsa. A fito da su, a rubuta lamba a kowanne, a ba malamin aji ya riƙa ba da aro.

Takardun da ba a taɓa ƙonewa su ne rajistar shiga makaranta, rajistar kiran suna, da littafin sakamakon jarrabawa. Waɗannan a sa su a akwatin ƙarfe, a ɗora shi kan bulo ko benci, a janye shi daga bango kamar tafin hannu biyu, a riƙa buɗe shi kowane wata ana dubawa. Yau kusan kowace ikkilisiya tana da matashi mai waya mai kyamara. A zaunar da shi yini ɗaya ya ɗauki hoton kowane shafi, a ajiye kwafi wurin hedimasta da wurin sakataren ikkilisiya. Mu da muke zaune a wuraren da rikici kan tashi, aka kuma sha ƙone gine-gine, ba sai an yi mana dogon bayani a kan amfanin kwafi na biyu ba.

Bayan an fitar, sai shiryawa. A nan ina roƙon dattawa su ja baya su bar malami. Shi ya san yaron da ba ya gani daga nesa, da wanda kunnensa ɗaya ba ya ji, da biyun da in suka zauna tare babu karatu. Namu shi ne mu tambaye shi abin da yake bukata. Allo ya sha fenti na gaske, a daina goga masa gawayi da garin tsohon batir da hannun yara. A bar hanya tsakanin bencina yadda malam zai kai ga na baya ya duba littafinsa, gama ɗan bayan da malam ba ya iya kaiwa gare shi, shi ne ke kai aji huɗu bai iya karatu ba. Kada a jingina kome a bayan ƙofa. Tsarin ilimi na ƙasa ya ce malami ɗaya ga yara 35 a firamare, mun kuwa san azuzuwanmu da yawa sun wuce haka. In ba mu iya ƙara ɗaki yanzu, aƙalla kada tukwane su cinye wurin yara goma.

Bango ma yana da ƙa'ida. A 2014 masu bincike a Jami'ar Carnegie Mellon ta Amurka sun gwada yara 24 'yan nazare, suka koyar da su wani lokaci a ɗaki mai cike da hotuna, wani lokaci a ɗaki marar ado. A ɗakin da aka cika, hankalin yaran ya fi tafiya wani wuri, abin da suka riƙe kuma ya fi kaɗan. A Ingila kuma, binciken Jami'ar Salford na 2015 a kan azuzuwa 153 ya nuna cewa yanayin ɗakin kansa, musamman haske da iska da zafi, yana da hannu a yadda yara ke ci gaba a karatu. Mu tamu matsalar iri biyu ce. Ko dai bango tsirara, ko kuwa an lulluɓe shi da kalandar 'yan siyasa, da sanarwar taron farkawa na shekara uku da suka wuce, da kalandar jana'iza. A sauke su duka. A sa baƙaƙe da lambobi daidai tsayin idon yaro, a tabbata akwai ɓ da ɗ da ƙ a cikin na Hausa, a bar wuri guda inda za a riƙa manna aikin yaran ana sauyawa.

Na san amsar da zan samu, domin na sha jin ta a zaman kwamiti. Za a ce, da baikon ikkilisiya aka gina ɗakunan nan, don me ikkilisiya ba za ta ajiye kayanta ba? Gaskiya ne, ginin na ikkilisiya ne. Amma ranar da muka kafa allo a bakin hanya muka karɓi kuɗin makaranta daga hannun iyaye, mun yi alkawari cewa ɗakin nan na karatu ne. Cikin iyayen nan akwai maƙwabtanmu da ba sa shiga majami'armu, sun kawo 'ya'yansu ne saboda sun ji ana cewa makarantar mishan tana da tsari. Ajin nan ne kaɗai abin da suke gani namu. Muna yawan tuna yadda gwamnati ta karɓe makarantun mishan a shekarun 1970, muna cewa da suna hannunmu da ba su lalace ba. To, ga 'yan ɗakuna huɗu a hannunmu. Kuma kada mu manta, jami'an ma'aikatar ilimi suna zagayawa duba makarantu masu zaman kansu. A wuraren da muke 'yan kaɗan, takardar izini ba ta samuwa da sauƙi, buhun taki a cikin aji kuwa ya isa a rubuta mana rahoton da ba mu da bakin musawa.

Za a kuma ce babu sito. Hatsin godiya a sayar ko a raba wa gwauraye da marayu cikin mako biyu, ai dama ba don ajiya aka kawo shi ba. Tukwane su koma gidan shugabar mata. Kujerun da suka karye a kira masu sayen roba. Abin da ya rage, in zauren gidan Fasto ne, a kai can. Na lura kayan da aka kai gidan Fasto ba sa daɗewa ba a san yadda aka yi da su ba.

Wasu kuma za su ce shara tarbiyya ce, mu ma da ita aka rene mu. Ban ƙi ba. A Japan yara ne ke share azuzuwansu kowace rana na ɗan lokaci, amma tare da malamansu suke yi, kowa da rabonsa, ba horon wanda ya makara ba ne. Mu mun mai da tsintsiya bulala, yaro ya tashi yana ganin shara aikin mai laifi ne. Sharar yau da kullum a bar wa yara bisa jadawali, maza da mata daidai. Hawa rufi, kwashe kashin ɓera da ɗaga kabad, wannan aikin gayya ne na manya, Zumuntar Maza kuma su zo da guduma da tsani, kada su zo da kujerar zama suna nuna wa mata inda aka bari.

Abu na ƙarshe da ke haddasa faɗa shi ne Lahadi. Ɗakin da ake karatu cikinsa Litinin zuwa Jumma'a, shi ne na Makarantar Lahadi, na koyon waƙa, na ajin baftisma. Ba yadda za mu yi, ɗakunan ke nan. Malama takan zo Litinin ta tarar an juya bencina, an goge aikin da ta rubuta a allo, alli ya ƙare, sai ta ɓata rabin sa'a tana gyara. Maganinsa ƙarami ne: kowane malamin aji ya sami kabad ko akwati mai kwaɗo, makulli a hannunsa, Makarantar Lahadi ta sami nata dabam. A zana yadda bencina ke jere a manna a bayan ƙofa. Ƙungiyar da ta shiga ta mayar da ɗaki yadda ta same shi, dattijo mai duba harabar majami'a kuma ya leƙa kafin ya kulle.

A inda nake hidima yanzu, kwamiti ya amince da Asabar ta farko bayan Ista. Mun ce malamai su kawo jerin abin da suke so a fitar da abin da suke so a gyara mako guda kafin ranar, a rubuce, ta hannun hedimasta, domin kada kunya ta hana ƙaramar malama magana a gaban dattawa. A jerin bana, abu na farko da malamar aji biyu ta rubuta shi ne kwalaye shida na tsofaffin takardun taron gunduma. Nawa ne, tun zuwana na ajiye su a can. Na riga na aiki yara biyu da baro sun kwaso su, suna nan a zaurena ina dubawa da dare.